Vayots Dzor ta Armeniya: tambayoyin mai niyyar zuwa da amsoshinsu

Duk wanda ya ji sunan Vayots Dzor a bakin masu shirya tafiye-tafiye, da giya ake haɗa masa shi. Hotunan da za a nuna masa ma kofuna ne da gonakin inabi. Shi ya sa da yawa cikin mutanenmu da sun gani sai su ce "to ni me ya kai ni?" su wuce. Tun da na dawo ake ta jefo mini tambayoyi, kusan iri ɗaya, daga ɗalibai masu karatu a Rasha da Jojiya, da 'yan kasuwar Dubai masu neman inda za su sha iska kwana uku. Ga su nan na haɗa wuri guda.

Wai ina ne wannan wuri, kuma yaya ake faɗin sunansa?

Ka ce "Bayots Dzor", za a gane ka. Ɗaya ne daga lardunan Armeniya guda goma, a kudu maso gabashin Yerevan, babban birnin ƙasar. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,300, kuma shi ne lardin da ya fi kowanne ƙarancin jama'a: a ƙidayar 2011 mutanensa sun ɗan wuce 52,000 ne kawai. Hedikwatarsa Yeghegnadzor, sai garuruwa biyu, Vayk da Jermuk, saura duk ƙauyuka ne da suka maƙale a jikin duwatsu. Kogin Arpa ne ya ratsa tsakiyarsa.

Sunan kansa mutanen wurin suna fassara shi da "kwarin wayyo". Labarin da ake bayarwa shi ne girgizar ƙasa ta shekarar 735 ta haɗiye wani gari da ake kira Moz, aka daɗe ana jin kururuwa daga ƙarƙashin ƙasa. Masana harshe suna da wasu bayanan daban game da asalin kalmar, amma duk direban da ya ɗauko ka wannan zai ba ka.

Ni ba na shan giya. Akwai abin da zan je in yi a can?

Akwai, har ma ba za ka gama ba. Giya ita ce allon tallar lardin, ita ke jawo Turawa, amma in ka cire ta gaba ɗaya abin da ya rage ya ishi mutum mako guda: kogon da aka samo takalmin fata mafi tsufa a duniya, majami'un dutse na ƙarni na 13 da na 14, zangon fatake da har yau rufinsa na nan, ganuwa a kan tsauni, ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, da awakin daji masu hawa bangon dutse kamar ƙadangaru.

Abin da kawai za ka yi shi ne ka faɗa wa mai shirya maka tafiya tun farko. Yawancin tafiyar yini ɗaya da ake sayarwa a Yerevan an cusa mata zaman ɗanɗanon giya a ƙauyen Areni, kuma kuɗinsa na cikin abin da ka biya. Ka ce a cire, ko ka ɗauki direbanka kai kaɗai. A gidan mutane kuwa, in an zauna cin abinci akwai al'adar ɗaga kofi a yi wa juna fatan alheri, suna kiranta kenats. Za a yi wa iyaye, a yi wa 'ya'ya, a yi wa waɗanda suka rigamu gidan gaskiya, a yi wa baƙo. Ka dafa ƙirji ka ce "chem khmum", wato ba na sha. Mai gida zai sake tayi sau ɗaya ko biyu, don haka karamcinsu yake, daga nan sai ya sa a kawo maka ruwan 'ya'yan itace da aka dafa a gida. Ban ga wanda ya ɓata rai ba.

Da gaske ne a nan aka fara yin giya a duniya?

A nan 'yan talla suke ɗan ƙara gishiri. Ga yadda abin yake. A gefen ƙauyen Areni, daidai inda hanyar tsohon gidan ibada na Noravank ta rabu da babban titi, akwai wani kogo da masu haƙar kayan tarihi suka sa wa suna Areni-1, mutanen gari kuma suna ce masa kogon tsuntsaye. An fara haƙa a cikinsa a 2007, ƙarƙashin jagorancin Boris Gasparyan na Armeniya tare da abokan aiki daga jami'o'in Ireland da Amurka. A watan Janairun 2011 suka sanar da cewa sun samo cikakkiyar ma'aikatar giya ta wajen shekara 4,100 kafin haihuwar Annabi Isa, wato sama da shekara 6,000 ke nan: wata kwatarniyar yumɓu mai faɗi inda ake tattake inabi da ƙafa, ruwan ya gangara cikin randar da aka binne a ƙasa, ga randunan ajiya, ga busassun 'ya'yan inabi da ƙwallayensu. Kusa da su kuma kaburbura ne, abin da ya sa masana ke ganin aikin yana da nasaba da bukukuwan binne mamata.

To wannan ita ce ma'aikata mafi tsufa da aka samu da kayanta a haɗe. Amma burbushin giya a jikin tukwane an same shi a Jojiya wanda ya girme ta da kusan shekara 2,000, an kuma samu a Iran. Kada dai ka tayar da wannan magana a gaban Ba'armene da ɗan Jojiya a zaune wuri ɗaya, sai in kana da lokaci.

Armeniyawa suna da wata hujjar tasu ta addini. A Littafi Mai Tsarki jirgin Annabi Nuhu a kan duwatsun Ararat ya tsaya, kuma bayan ya sauko ya dasa gonar inabi. A Alƙur'ani sunan dutsen Judi ne, kamar yadda ya zo a Suratu Hud. Shi dutsen Ararat, mai tsawon mita 5,137, yau yana cikin Turkiyya, amma tun daga fitowarka Yerevan yana hannun damanka, fari fat da ƙanƙara, har sai hanya ta karya ta shiga duwatsu.

Inabin da lardin ya yi suna da shi baƙi ne mai kaurin fata, sunansa Areni kamar ƙauyen. Ana noma shi a tudu, wasu gonakin sun haura mita 1,400 daga saman teku, inda rana ke ƙuna dare kuma ya yi sanyi. Wasu masu sana'ar har yau a randunan ƙasa suke ajiye shi, suna kiran randar karas.

Shi takalmin fa, za a nuna mini shi a kogon?

A'a, ramin da aka ciro shi kawai za ka gani. Takalmin yana gidan tarihin ƙasa da ke Dandalin Jamhuriya a Yerevan, don haka ka fara ta can kafin ka taho. Wata ɗaliba mai karatun digiri na uku, Diana Zardaryan, ita ta gano shi a 2008. Na ƙafar dama ne, an yanka shi daga fatar saniya falle ɗaya, aka ɗinke gaba da baya da igiyar fata, girmansa kamar lamba 37, cikinsa cushe da ciyawa. Shekarunsa kusan 5,500, ya girmi babbar dalar Giza ta Masar da wajen shekara dubu. Abin da ya hana shi ruɓewa sanyin kogon ne da bushewarsa, da kuma kashin tumaki mai kauri da ya lulluɓe wurin ya toshe iska. Na tsaya a gaban gilashin ina kallon ɗinkin, na ce a raina duk dukawan Kano da na sani in aka miƙa musu wannan za su gane hannun ɗan'uwansu.

In wuri ɗaya kawai zan iya zuwa, ina za ka ce in je?

Noravank, ba sai na yi tunani ba.

Daga babban titi za ka shiga wani kwazazzabo mai tsawon kilomita takwas, bangon dutse hagu da dama, wani wurin har ya kusa haɗewa a samanka. Kana cikin tunanin ko hanya ta ƙare sai wuri ya buɗe, ga gine-ginen a kan tudu, bayansu duwatsu jajaye kamar an zuba musu jan ƙasa. Gidan zuhudu ne, wato mazaunin malaman Kirista da suka keɓe kansu don ibada da karatu. An kafa shi a ƙarni na 12, amma ya bunƙasa ne a na 13 da na 14 a hannun gidan sarautar Orbelian, waɗanda suka iya zama da Mongol masu mulkin yankin a lokacin, suka biya haraji, suka samu sararin yin gini yayin da wasu wuraren ke ƙonewa.

Ginin da kowa ke ɗauka hoto shi ne majami'ar Surb Astvatsatsin mai hawa biyu, wadda aka kammala a 1339. Ƙasa makabartar masu sarauta ce, sama wurin ibada, kuma hanyar hawa saman wasu siraran matakala ne guda biyu da suka fito daga jikin bango ta waje suka haɗu a bakin ƙofa, babu abin dafawa. In ka tarar an hana hawa kada ka yi gardama, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ana danganta ginin ga Momik, wani gwani da ya haɗa sana'a uku: magini ne, masassaƙin dutse ne, mai zane a littattafai ne kuma. Shi ya gina majami'ar da ke saman ƙauyen Areni a 1321. A Noravank aka binne shi, kuma dutsen tunawa da shi ɗan ƙarami ne, marar ado, in ba a nuna maka ba za ka wuce shi.

Ka lura da duwatsun nan masu tsaye da aka sassaƙa gicciye a tsakiyarsu, kewaye da saƙa mai kama da aikin allura a wuyan babbar riga. Sunansu khachkar, hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin gadon duniya a 2010, kuma da wuya ka samu biyu iri ɗaya. A ƙaramin ɗakin ibada na Surb Grigor akwai kabarin Elikum Orbelian na shekarar 1300, an zana zaki kwance a kan dutsen.

Ka je da sassafe kafin motocin Yerevan su iso, ko kuma bayan la'asar sakaliya, lokacin da rana ke bugun duwatsun su koma kamar garwashi.

Wanda ba Kirista ba zai iya shiga?

Ba mai tambayarka addininka a bakin ƙofa. Armeniya ta karɓi Kiristanci a matsayin addinin ƙasa tun shekarar 301 bisa tarihinsu, kuma waɗannan wurare har yau ana ibada a cikinsu, ana ɗaurin aure, ana baftisma. Ka sassauta murya, namiji ya cire hula, mace ta yafa gyale, wanda mu dama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Za ka ga mutane na kunna siraran kyandirori suna kafawa a cikin yashi. Ba dole ba ne ka yi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba ya tsaya a farfajiya, mafi yawan sassaƙar ma a waje take. Sai dai Musulmi ya sani tun daga gida cewa akwai siffofin mutane da na mala'iku a saman ƙofofi, har da wanda suke nufin Ubangiji da shi, don kada abin ya zo masa ba zato.

An ce akwai zangon fatake. Zango irin namu?

Irin namu sak, sai dai na dutse ne. Yana arewa da Yeghegnadzor a kan hanyar da ta haura zuwa tafkin Sevan, dab da mashigin Vardenyats wanda tsayinsa ya kai mita 2,410. Tsoffin taswirori suna kiransa zangon Selim, yanzu an fi cewa zangon Orbelian, don Chesar Orbelian ne ya kammala shi a 1332, shekara takwas bayan hajjin Mansa Musa.

Daga waje ba ya cika ido, dogon gini ne na baƙin dutse da ya lafe a jikin tudu. A saman ƙofa an sassaƙa bijimi a gefe ɗaya, wata dabba mai fukafukai a ɗaya gefen. Sai ka sunkuya ka shiga. Da farko duhu ne da ƙamshin damshi, har idonka ya saba, sannan ka ga zaure mai tsawon mita 26, ginshiƙai jere biyu sun raba shi uku, haske na saukowa ta ƙananan ramuka uku a rufi. Ga komayen dutse inda ake zuba wa dabbobi abinci, ga kwamin ruwa a lungu. Ƙofa ɗaya ce tak, da an rufe ta ayari da kayansa sun kwana lafiya, ba ɓarawo ba iskar ƙanƙara. Duk wanda kakansa ya bi hanyar Gwanja da jakuna zai gane lissafin wanda ya tsara wurin.

Akwai rubutu biyu a mashigin, ɗaya da Armeniyanci ɗaya da Farisanci, kuma an ambaci sarkin zamanin, Abu Sa'id, Musulmin sarkin Mongol da ke mulkin Iran da Iraƙi. Wannan Abu Sa'id ɗin shi ne Ibn Battuta ya gani a Bagadaza a 1327, shi kuma Ibn Battuta daga baya ya zo har Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagulla. Duniyar fatauci ta wancan ƙarni ba ta kai faɗin da muke zato ba.

Ban da waɗannan biyun fa?

Ka ba kwarin Yeghegis yini guda. A ƙauyen akwai majami'ar Zorats ta 1303, wadda ba ta da zauren jama'a, mumbari ne kawai ke fuskantar fili, an ce don mayaƙa su karɓi addu'a a kan dawakansu kafin su fita. Tsallaken rafi kuma akwai makabartar Yahudawa, duwatsun kabari masu rubutun Ibrananci daga 1266 zuwa 1346, al'ummar da ba a ma san ta taɓa zama a wurin ba sai a 1996 da wani bishop na yankin ya lura da duwatsun.

Sama da kwarin ga ganuwar Smbataberd a kan doron tsauni, rami ta ɓangare uku. Labarin faɗuwarta da ake bayarwa ya yi kama da tatsuniya: maharan sun gaji da kewaye, sai suka ba doki gishiri suka hana shi ruwa, suka sake shi, ya bi ƙamshi ya tono bututun da ke kai wa ganuwar ruwa a ɓoye. Hawan da ƙafa yana cin sama da awa guda, kuma babu inuwa.

Mai sha'awar tarihin ilimi ya leƙa ƙauyen Vernashen, inda aka yi ɗan gidan tarihi na jami'ar Gladzor, makarantar da ta yi tashe daga wajen 1282 zuwa 1338, ana koyar da tauhidi da falsafa da nahawu da kwafar littattafai.

Mene ne labarin Jermuk da ruwansa?

Jermuk gari ne na hutu da jinya a tsayin kusan mita 2,100, kilomita 170 da 'yan kai daga Yerevan. Sunan daga kalmarsu ta ɗumi ya fito. A zamanin Tarayyar Sobiyet likita ne ke rubuta wa ma'aikaci takarda a turo shi nan ya yi makonni yana shan ruwa yana wanka, kuma har yau manyan gidajen jinyar na nan, wasu an gyara, wasu sun zama kufai. A tsakiyar gari akwai wata rumfar dutse mai ginshiƙai, famfuna jere a bango suna zuba cikin tuluna, kowanne an rubuta zafinsa, daga wajen digiri 30 har sama da 50. Kyauta ne, kofi kawai za ka zo da shi. Ɗanɗanonsa kamar an jiƙa kanwa da ƙusa a ruwan ɗumi. Tsofaffi na kurɓa a hankali suna zagaya tafki, ni kuwa rabin kofi na iya. Mai ciwon ƙoda ko hawan jini ya tambayi likitansa kafin ya ɗura.

A ƙasan gari ruwa na zubowa daga dutse mai tsayin kusan mita 70, ya bazu a jikin dutsen kamar gashin da aka tsefe. Akwai kujerun lilo masu tafiya a kan waya zuwa saman tsauni, da tsohuwar hanyar kwazazzabo da ke kai wa gidan zuhudu na Gndevank na shekarar 936. Daga madatsar Kechut da ke kusa aka haƙa ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 48, aka buɗe shi a 1981, yana kai ruwan Arpa tafkin Sevan don ya daina ƙafewa. In ka ji mutanen gari na ambaton Amulsar da zafi, wani dutse ne kusa da su da ake rigimar haƙar zinariya a kansa. A 2018 har tare hanyoyin shiga suka yi don tsoron kada ruwansu ya gurɓace.

Lafiya lau ake? Ba nan ake yaƙi da Azabaijan ba?

Tambaya ce mai kyau. Lardin yana da iyaka da Azabaijan ta gabas, da kuma yankinta na Nakhchivan ta kudu maso yamma. A tsakiyar Satumban 2022 an yi kwana biyu ana luguden wuta a iyaka, kuma Jermuk na cikin wuraren da abin ya shafa. A ranar 8 ga Agustan 2025 shugabannin ƙasashen biyu, Nikol Pashinyan da Ilham Aliyev, suka haɗu a Washington aka sa hannun farko a kan daftarin zaman lafiya. Areni da Noravank da Yeghegnadzor baƙi na zuwa kullum. Duk da haka ka duba labarai a makon tafiyarka, kada ka ɗauki hoton soja ko sansaninsu, kada kuma ka bi hanyar daji ta gabashin Jermuk ba tare da ɗan gari ba. Sata da fashi ba su ne abin damuwa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda direbobi ke wuce manyan motocin Iran a kan kwana.

Biza fa?

Nan ne aikin yake. 'Yan yawancin ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Nijar da Ghana, sun daɗe cikin jerin waɗanda sai da takardar gayyata daga Armeniya ake ba su biza, kuma ta ofishin jakadanci, irin na Alƙahira ko Abu Dhabi. Akan yi sassauci ga masu takardar zama a wasu ƙasashe, kuma ƙa'idar na sauyawa, don haka shafin ma'aikatar harkokin wajensu shi ne alƙali. Kada ka sayi tikiti kafin biza ta fito, kada kuma ka ba wani ɗan tsakani kuɗi don ya ce ana bugawa a filin jirgi.

Ta ina ake bi, kuma da wace mota?

Jirgi zai sauke ka a filin Zvartnots na Yerevan, galibi ta Dubai ko Sharja ko Doha. Ta ƙasa kuwa ta Jojiya ko Iran ake shigowa. Daga Yerevan zuwa Areni kilomita 110 ne ko kusa da haka, tafiyar awa biyu a kan titin M2 mai zuwa iyakar Iran. Ƙananan bas da suke kira marshrutka suna zuwa Yeghegnadzor da Vayk da Jermuk da araha, amma a bakin titi za su ajiye ka, kuma duk wuraren da na lissafa suna nesa da titi. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki direba na yini, ku gama ciniki kafin a tayar da mota. Ni na yi sakaci ban ambaci jira ba, muna isa Noravank direba ya ce kowace awa da kuɗinta. Kuɗinsu dram ne, dala ɗaya tana yawo kusa da dram 400 a 'yan shekarun nan. Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙauye ba ruwansu da kati. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa uku.

Wane lokaci ya fi?

Mayu da Yuni, lokacin da tsaunuka ke kore, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin girbin inabi. Yuli da Agusta ƙasan kwari na da zafi da bushewa, wanda ba zai ba ɗan Sakkwato mamaki ba. Bikin giya na Areni a farkon Oktoba ake yinsa, yawanci Asabar ta farko. Mai so ya nufe shi, wanda ba ya so ya kauce wa ranar, don ƙauyen cika yake maƙil. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara kan rufe mashigin Vardenyats. Ko a bazara ka tafi da rigar sanyi, daren Jermuk ya fi hunturun Jos cizo.

Me zan ci? Ina tsoron naman alade.

Tsoronka na kan hanya, domin gasasshen namansu da suke ji da shi, khorovats, in ba a faɗi wani abu ba to alade ne. Ka haddace kalmomi biyar: khoz alade, tavar saniya, gar ɗan rago, hav kaza, dzuk kifi. Mahautan halal a ƙauyukan nan babu su, kuma sau da yawa a kan waya ɗaya ake gasa komai, shi ya sa da yawa suke tsayawa kan kifin rafi, wanda dama shi ne daɗin wurin.

Ba za ka kwana da yunwa ba. Akwai lavash, burodi mai faɗi siriri da mata ke mannawa a bangon tanderun da aka haƙa a ƙasa, tonir. Akwai matsun, kindirmo ke nan, da tan, wato an dama shi da ruwa da gishiri, da spas, miyar kindirmo da alkama. Akwai miyar aveluk, wani ganyen daji da ake kitsawa kamar gashi a shanya. Abin da lardin ya keɓanta da shi kuwa cukun akuya ne da ake cakuɗawa da ganyayen dutse, a danna a tukunyar ƙasa, a kife ta a binne watanni. Horats panir suke ce masa, yana da ƙarfi, kaɗan ake shafawa. In an ce maka ga tsiran, kada ka sa rai da tsire, ɗan itacen nan ne da Larabawa ke kira mishmish, kuma a ƙarshen Yuni zuwa Yuli ba shi da na biyu.

Salla fa?

Masallaci ɗaya ne ke aiki a ƙasar, Shuɗin Masallaci na titin Mashtots a Yerevan, ginin shekarun 1760 wanda Iran ta taimaka aka gyara. A Vayots Dzor ɗakinka ne masallacinka, sai ka tafi da darduma. Ka kuma tuna alƙibla a can kudu take, ta ɗan karkata yamma. Jikinka zai riƙa ja ka gabas don sabo, ka dogara da manhajar waya.

Kwana nawa ya isa, kuma a ina zan sauka?

Masu zuwa yini ɗaya suna ganin Noravank da kogo su koma a gajiye, awa huɗu a mota. Kwana uku ya fi: ɗaya na Areni da Noravank, ɗaya na Yeghegis da zango, ɗaya na Jermuk. Ka sauka a gidajen baƙi na iyali a Yeghegnadzor ko Areni, inda uwar gida ke dafa abincin da hannunta, ka kuwa ga ya fi sauƙin bayyana abin da ba ka ci.

Akwai namun daji? Ana iya yawon ƙafa?

A ƙauyen Shatin akwai wurin da aka tanada don hangen awakin daji masu dogayen ƙahoni lanƙwasassu. Da asuba ko dab da magariba suke saukowa. Akwai mikiya da manyan ungulaye, kuma kyamarorin da masu kare daji ke ɗaurawa sun sha ɗaukar damisar Kokesas, wadda 'yan kaɗan suka rage. An shata hanyoyin ƙafa masu alama, manhajar HIKEArmenia na nuna su. Abu biyu za ka kiyaye: maciji mai dafi a cikin duwatsu lokacin zafi, da karnukan makiyaya, gampr, masu girman ɗan maraƙi. In ka hango garke ka tsaya daga nesa ka kira makiyayin, kada ka ruga.

Yaya suke da baƙar fata, kuma da wane harshe za mu yi magana?

A ƙauye za a kalle ka, yara za su biyo ka, wani zai nemi hoto. Yawanci son sani ne, kuma sau da yawa ƙarshensa a ce ka shigo ka sha kofi. Manya suna jin Rashanci, matasa na taɓa Turanci. Harufansu nasu ne na kansu, Mesrop Mashtots ya tsara su a wajen 405, ba za ka iya karanta ko ɗaya ba, amma allunan babban titi suna da rubutun boko. "Barev dzez" ita ce sallama. Na gode kuwa "shnorhakalutyun" ne, in ta gagare ka ka ce "mersi", su ma haka suke yi.

Wace tsaraba zan riƙo?

Busassun 'ya'yan itace, zumar dutse, ganyen shayin daji, da sujukh mai zaƙi, wanda ake jera ƙwallayen popok (ɗan itace mai ɓawo da Turawa ke kira walnut) a zare a riƙa tsomawa a ruwan inabin da aka dafa ya yi kauri har ya zama kamar kyandir. Wannan ba giya a cikinsa. Sai ka ce mai zaƙi kake nufi, don akwai wani sujukh ɗin na nama. Duk za ka same su a rumfunan da ke bakin titi a Areni.

A waɗannan rumfunan ne kuma za ka ga manyan robobin Coca-Cola jere a rana, cike da baƙin ruwa. Ba lemo ba ne, giyar gida ce, kuma an daɗe ana cewa saboda direbobin da ke wucewa Iran ake zuba ta a haka. Wani abokin tafiyarmu da ƙishi ya dame shi har ya ɗauki ɗaya ya zaro kuɗi, sai tsohuwar mai rumfar ta kalli hularsa, ta karɓe robar daga hannunsa, ta nuna masa famfon dutse da ke tsallaken titi.